Makamashi Mai Tsabta: To Ina Aka Kai Dattin?

Shekara biyu ke nan da na haɗa sola a gidana. Ba kishin muhalli ne ya kai ni ba, kada in yi wa kaina kirarin da ban cancanta ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, janareta ya zama mini kamar wani baƙon da ba ya ƙoshi, kullum bakinsa a buɗe, ga ƙara, ga hayaƙi, ga harara daga maƙwabta. Na sayar da shi, na haɗa da ɗan abin da na tara, aka ɗora mini faranti shida a kan rufi, aka ajiye inbata da batura biyu a lungun falo. Daren farko da fanka ta kwana tana juyawa ba tare da wani ƙugi ba, ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Yara suka samu hasken karatu, uwargida ta fara ƙulla zoɓo mai sanyi tana sayarwa. Don haka duk wanda zai karanta wannan rubutu ya sani ba maƙiyin hasken rana ne ya yi shi ba. Na ci moriyar ganga, ba kuma zan yar da kwaurenta ba.

Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai, ita ce tsabta. Ko'ina ka juya ana ta cewa makamashi mai tsabta, mota mai tsabta, wuta mai tsabta. Mu kuwa mun san irin matar da tsakar gidanta ke ƙyalli, har a iya cin tuwo a ƙasa, amma in ka zagaya bayan katanga sai ka ga inda take juye sharar: ƙofar gidan maƙwabciyar da ba ta da bakin magana. Babu wanda zai ce tsakar gidan nan ba ta sharu ba. Ta sharu ƙwarai. Mai hankali dai sai ya tambayi inda sharar ta tafi, da kuma wanda ke kwana kusa da ita.

Mu fara da kusa. In ka bar Agadas ka miƙa arewa wajen kilomita 240 za ka iske Arlit, garin da abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa ne ya haife shi. Faransawa suka gano yuraniyam a wurin, kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, na Cominak a Akokan ya bi baya a 1978. Shekara hamsin ana cika ganguna da garin yuraniyam mai ruwan ɗorawa, manyan motoci su ratsa da shi ta Tawa da Dosso da Gaya har tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa. Wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya yake fitowa, shi ya sa take tutiya da cewa wutarta tana cikin mafi ƙarancin hayaƙi a Turai. A 2022 Tarayyar Turai ta sa nukiliya cikin jerin harkokin da za a iya zuba wa jari da sunan kare muhalli, kuma a wannan shekarar kusan rubu'in yuraniyam ɗin da Tarayyar ta saya daga Nijar ya fito.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Haƙar yuraniyam da tace shi suna cin wuta sosai, kuma babu wuta a wannan hamada. Sai aka gina tashar Sonichar a Anu Araren kusa da Cirozerin, ta fara aiki a farkon shekarun 1980, kuma kwal take ƙonawa. Wato a ƙasar Azbin ana ƙona mafi ƙazantar makamashin da ɗan Adam ya sani, domin a tono abin da zai ba Faris wuta marar hayaƙi. Hayaƙin ya tsaya a Cirozerin, yabon ya tafi Faris. Ita kuwa Nijar, da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar yake da lantarki, kuma kafin juyin mulkin Yulin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da take sha daga Najeriya ake ja. Da aka yanke layin a watan Agustan wannan shekara saboda takunkumi, Yamai ta koma rabon wuta unguwa-unguwa. Ƙasar da ta yi rabin ƙarni tana haska gidajen wasu, sai ga shi maƙwabciya ta danna makunni ɗaya ta bar babban birninta cikin duhu.

Da ramin Cominak ya ƙare aka rufe shi a Maris ɗin 2021. Abin da aka bari a Akokan shi ne tsibin dusar ma'adini mai tururin guba, wanda wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Faransa, CRIIRAD, ta ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Kamfanin ya ce zai binne shi da laka da duwatsu. To, Allah Ya sa. Amma iskar hamada ba ta jiran ɗan kwangila, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma shi ne kawai abin shan mutanen garin. A rahotonsu na 2010, masu bincike na ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sun ce sun tarar da ƙarafan da suka fito daga ma'adinan, masu ɗauke da tururin, ana sayar da su a kasuwar Arlit.

Dattawan Nijar suna tuna cewa a farkon 1974, bayan farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, shugaban ƙasa Diori Hamani ya nemi a ƙara kuɗin yuraniyam. Ana cikin tattaunawar, a watan Afrilu, sojoji suka kifar da shi. Su dai fari da yunwa da almundahanar kayan agaji suka kafa hujja da su, kuma waɗannan duk sun faru. Sauran kowa ya fassara yadda ya ga dama. Yau sojojin da ke mulki sun ƙwace lasisin haƙar yuraniyam na Imuraren daga hannun kamfanin Faransa Orano a 2024, sun mayar da Somair mallakin ƙasa a 2025, jama'a kuma sun yi tafi. Ni ma ban ji zafin abin ba. Sai dai in har ganga za ta ci gaba da fita yadda take fita, ko Rasha ce ta saya ko Sin ko wata, yaron Akokan kuma yana shan ruwan da yake sha, to mai saye aka canza, cinikin yana nan yadda yake.

Labarin Kongo ta Kinshasa ya fi wannan tsawo, ya fi shi ɗaci. Duk lokacin da duniya ta ƙago sabon abin jin daɗi, sai a tarar kayan haɗinsa suna can. Da aka ƙirƙiro tayar da ake hura wa iska a ƙarshen ƙarni na 19, Turai ta haukace da keke sannan da mota, roba aka nema. Sarki Leopold na Beljiyam, wanda ya riƙe ƙasar tamkar gandunsa daga 1885 zuwa 1908, dakarunsa guntule hannuwan mutane suke yi idan ƙauye bai cika awon robar da aka ɗora masa ba. Galibin yuraniyam ɗin bam da aka jefa wa Hiroshima a 1945 daga ramin Shinkolobwe na Katanga ya fito. Wayar hannu ta zo, aka bi ma'adinin koltan da ake sa mata. Yanzu kuma kobalt ake yayi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya na Kongo ne, yana cikin batirin wayar da kake karanta wannan da ita, yana cikin batiran motocin lantarki da yawa.

Cibiyar abin ita ce Kolwezi, a lardin Lualaba. A 2014 wani mutum a unguwar Kasulo yana tono a cikin gidansa ya ci karo da dutsen kobalt. Kafin a ce kwabo unguwar ta koma ramuka, mutane suna haƙa a tsakar gida, a ɗakin kwana, a bakin hanya, gidaje suna tsagewa. 'Yan tonon suna sauka rami mai zurfin mita ashirin ko talatin da guduma da kurfi da tocilan ɗaure a goshi, ba tokara, ba abin rufe hanci. Mata da yara suna wanke duwatsun a rafi suna cika buhu. Daga nan sai rumfunan masu saye, da yawansu 'yan Sin, inda mai saye ne da sikeli, shi ne da na'urar auna ingancin dutsen, shi ne kuma mai yanka farashi. Duk wanda kakansa ya taɓa kai gyaɗa ko auduga gaban akawun kamfani ya san wannan zaman. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa yara kusan 40,000 ne ke aiki a ma'adinan kudancin ƙasar. Da Amnesty ta je bincike ta fitar da rahoto a 2016, yaran sun ce sukan yi sa'a goma sha biyu a yini su tashi da dala ɗaya ko biyu. A Yunin 2019 ƙasa ta rufta a ma'adinin Kamoto, 'yan tono 43 suka mutu a wuri ɗaya.

A yi adalci: mafi yawan kobalt ɗin Kongo ba da hannu ake tono shi ba. Manyan kamfanoni ne da injuna, kamar CMOC na Sin da Glencore na Suwizalan. Amma da zarar dutse ya shiga tukunyar narkarwa, babu mai iya bambance na injin da na yaro. A 2019 wasu iyalai 'yan Kongo da yaransu suka mutu ko suka naƙasa a ramuka sun kai ƙarar Apple da Tesla da Microsoft da Dell da uwar kamfanin Google a wata kotun Amurka. An kori ƙarar, kuma a Maris ɗin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar. Alƙalan ba su ce an yi ƙarya game da yaran ba. Cewa suka yi sayen kaya a kasuwar duniya ba ya mai da mutum abokin tarayya a aikin da ya samar da kayan. A kasuwar ƙauyenmu, wanda aka kama da akuyar sata ba ya kuɓuta don ya ce saye ya yi. Amma in dillalai suka kai bakwai tsakanin rami da shago, sai a wayi gari kowa hannunsa fes.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wajen kashi uku cikin huɗu na kobalt ɗin duniya a Sin ake tace shi, kuma can ake ƙera mafi yawan batiran duniya. Ribar gaske tana wurin tacewa da ƙira, ba a bakin rami take ba. Shi kansa farashin dutsen ba a Kinshasa ake yanka shi ba. A 2022 tan ɗaya ya kai wajen dala 80,000, zuwa farkon 2025 ya faɗo kusa da 20,000, saboda kamfanonin sun cika kasuwa, kuma masu ƙera motoci sun koma wa wani nau'in batir da ba ya buƙatar kobalt sam. A Fabrairun 2025 gwamnatin Kongo ta dakatar da fitar da shi gaba ɗaya, daga baya ta koma ƙayyade wa kowa adadi, farashi ya farfaɗo. Wannan ya nuna mai dutse yana da ɗan ƙarfi. Ya kuma nuna ƙarfin na ɗan lokaci ne, domin masu ɗakunan bincike ba barci suke yi ba. Ranar da suka gama da kobalt, Kolwezi za ta zauna da ramukanta kamar yadda Jos ta zauna da kududdufan kuza.

A Disambar 2024 Joe Biden ya je Angola, tafiyarsa ɗaya tilo zuwa Afirka ta kudu da Sahara a matsayin shugaba, kuma abin da ya kai shi shi ne layin dogo na Lobito. Tsohon layin zamanin mulkin mallaka ne da ake gyarawa domin ya kwaso jan ƙarfe da kobalt daga yankin Kolwezi zuwa bakin Tekun Atilantika, kada komai ya tafi Sin. Ban san yadda wasu suka ji ba, ni dai dogon Kano na tuna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa aka yi dalar gyaɗa, kuma kowa ya san ba don mutanen Ɗanbatta su ziyarci dangi aka shimfiɗa shi ba. Daga gona zuwa teku yake. Dubi taswirar Afirka ka ga yadda tsofaffin layukan suke, kowanne kamar tsinken zuƙar lemo da aka soka cikin nahiyar.

In wata ƙasa ta ce a'a, sai a nan za a sarrafa, me ke faruwa? Indunusiya, wadda ke haƙo fiye da rabin nikel ɗin duniya, ta hana fitar da ɗanyensa daga Janairun 2020. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara gaban Hukumar Ciniki ta Duniya, kuma a Nuwamban 2022 aka ba Turai gaskiya. Ita wannan Turai ɗin a 2024 ta yi dokar da ke burin a riƙa tace kashi 40 cikin ɗari na muhimman ma'adinan da take buƙata a cikin gidanta nan da 2030. In su suka yi, sunansa tsaron tattalin arziki. In mai dutsen ya yi, sunansa karya dokar kasuwa. Indunusiya ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta, kuɗin da take samu ya ninka sau da yawa, Zimbabuwe ma ta kwaikwaye ta da litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, a ƙarshen 2022. Amma kada mu yi saurin guɗa. Masana'antun da aka gina a Morowali, a tsibirin Sulawesi, yawancinsu jarin Sin ne, da kwal suke aiki, kuma a Disambar 2023 wata tukunyar narkarwa ta fashe ta kashe ma'aikata 21. Sarrafawa a gida ta fi fitar da ɗanye, amma ba ita kaɗai ce magani ba in ran ma'aikaci bai fi na kaza daraja ba.

Nan ne zan ɓata wa wasu rai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu Bature ko ɗan Sin da ya taɓa sa hannu a lasisin haƙar ma'adini shi kaɗai. A Disambar 2017 Amurka ta ƙaƙaba wa Dan Gertler takunkumi, wani ɗan kasuwar Isra'ila aminin shugaban Kongo na lokacin Joseph Kabila, tana mai cewa Kongo ta yi asarar sama da dala biliyan 1.3 tsakanin 2010 da 2012 saboda ma'adinan da aka sayar wa kamfanoni masu alaƙa da shi a kan araha. Wa ya sayar? A 2022 Glencore ta amsa laifin ba da cin hanci a ƙasashe da dama, har da Najeriya da Kamaru da Kongo, galibi a harkar mai. Tarar sama da dala biliyan ɗaya ta biya a Amurka, ta biya wata a Ingila, Kongo kuma aka ba ta miliyan 180. Ka ga har tarar zaluncin ma can ta tafi. Mai bayarwa ya amsa laifinsa a gaban alƙali. Masu karɓa kuwa, waɗanda 'yan'uwanmu ne, ina suke?

Abin ya ƙaraso ƙofar gidanmu. An gano litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara da wasu jihohi, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya tarar da ƙananan yara a ƙauyen Pasali suna fasa duwatsu suna cika buhu a ramukan da ba su da izini, kowannensu ba ya tashi da dala ɗaya a yini, kayan kuma suna ƙarewa a hannun masu saye 'yan Sin. Mu da muka ga Zamfara bai kamata a yi mana wannan karatun sau biyu ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Zinare ne ba litiyam ba, amma talaucin ɗaya ne, sakacin hukuma ɗaya ne, dillalin ma kusan kamanninsa ɗaya.

Duk wannan wahala, don a gyara ɓarnar wa? Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sauyin yanayi karin maganar ya juye. Amurka kaɗai ta fitar da kusan rubu'in duk hayaƙin da aka tara a sama tun farkon zamanin masana'antu, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. Ba'amurke guda yana fitar da abin da ya fi na 'yan Nijar ɗari. Firjin gidansa kaɗai yana shan wutar da ta fi abin da ɗan Najeriya ke samu a shekara in aka raba daidai. Amma ambaliyar 2022 a Najeriya ta kashe mutum sama da 600, a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, a watan ne kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya zube saboda ruwa. Ban ce sakacinmu na gyaran madatsu da gini a kan hanyar ruwa ba ya ciki ba. Amma manomi bai buƙatar masani ya gaya masa damina ta canza hali.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai, don da murmushi ake yin sa. A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020. Ba a cika ba sai 2022, bisa lissafinsu da kansu, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da gwamnatocinsu suka bayar bashi ne. Mutum ya banka wa rumbunka wuta, sannan ya ranta maka kuɗin gina sabo, da ruwa a kai, a kuma ɗauki hotonku kuna musafaha. A taron Baku na 2024 ƙasashe masu tasowa suka ce ana buƙatar tiriliyan 1.3 a shekara, aka tashi da alkawarin biliyan 300 nan da 2035, har wakiliyar Najeriya ta kira shi abin wasa a cikin zauren. Afirka ta Kudu aka yi wa alkawarin biliyan 8.5 a Gilasgo a 2021 don ta rabu da kwal, da aka buɗe ƙunshin sai aka ga kyautar da ke ciki ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari ba, a 2025 kuma Amurka ta zare hannunta. Afirka, nahiyar da hukumar makamashi ta duniya ta ce tana da kashi 60 cikin ɗari na wuraren da suka fi dacewa da sola, kashi 2 kacal na jarin makamashi mai tsabta take samu, mutum miliyan 600 kuma suna kwana a duhu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tashar sola kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashewa, don haka ruwan bashi ne ke yanka farashin wutar, kuma mai gini a Katsina yana biyan ruwan da ya ninka na mai gini a Jamus sau biyu ko uku, alhali ranar Katsina ta fi.

A wannan taron na Gilasgo ne kuma ƙasashen Turai da dama suka sa hannu cewa zuwa ƙarshen 2022 za su daina ba da kuɗin ayyukan mai da iskar gas a ƙetare. Ba a yi shekara ba Rasha ta auka wa Yukiren, gas ya yi wuya, Jamus ta sake kunna tashoshin kwal da ta kashe, shugaban gwamnatinta na lokacin Olaf Scholz ya sauka Dakar a Mayun 2022 yana neman gas ɗin Senegal. Ashe gas ɗin Afirka ƙazanta ne in mace a Bauci za ta dafa tuwo da shi ta huta da hayaƙin itace, amma halal ne in za a loda shi a jirgi ya ɗumama ɗaki a Balin. Norwe kuwa, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne, ita ce ta fi kowa sayar wa Turai gas. Tsofaffin motocin fetur da Turai ke ajiyewa mun san inda suke zuwa, mu ne muke tarbarsu a Kwatano muna cewa sabbi fil.

Wani zai ce, to malam, a zauna a kan fetur ke nan? A'a. Wanda ya san abin da mai ya yi wa ƙasar Ogoni ba zai yi kewar wannan zamanin ba, kuma hamadar da ke cin gonakin Yobe da Jigawa ba za ta tsaya don muna da hujja ba. Arahar farantan Sin ta kai haske ƙauyukan da turakun NEPA ba su taɓa zuwa ba, ta sa mai noman rani ya rabu da jarkar fetur. Ina son wannan sauyi. Abin da nake ƙi shi ne a shigo da shi a tsohon buhu. Ina son ƙasashen da ke da dutsen su yi magana da baki ɗaya kan farashi maimakon kowa ya ruga shi kaɗai a yi masa tayin wulaƙanci. Ina son a buga kowace yarjejeniyar ma'adini a fili kowa ya karanta, a karɓi kuɗin gyaran ƙasa kafin a sara gatari na farko, garin da ake haƙa a cikinsa kuma ya samu wuta da ruwa kafin babbar mota ta farko ta fita. 'Yan tono a ba su wurare na halal da sikelin da ba na mai saye ba, domin korarsu da bindiga ba ta ciyar da 'ya'yansu. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar izinin Faris ko Beijin.

Watan jiya baturan nan biyu suka mutu, irin masu ruwa ne, na dalma. Wani ɗan jari bola ya zo, muka yi ciniki a ƙofar gida. Kafin ya ɗora su a kan baro sai ya buɗe murafun ya tuntsurar da ruwan batir ɗin cikin kwata, a daidai inda yaran layinmu ke buga ƙwallo, ina tsaye ina ƙirga kuɗina. Na tambaye shi ina ake kai su, ya ce kudu. Na san akwai masana'antun narkar da dalma a Ogijo ta jihar Ogun, inda gwaji ya nuna gubar a jinin mazauna garin, dalmar kuma ana fitar da ita waje a yi sababbin batura. Ban hana shi tafiya ba.

Mai haɗa mini solar ya ce in daina wahalar da kaina, in sayi na litiyam, ɗan Caina ne, shekara goma ba zan waiwaye shi ba. Wataƙila dutsen da ke cikinsa daga Nasarawa ya tashi a buhu, ya ƙetare teku biyu ya dawo a kwali. Na tambaye shi nawa ne. Ya ce in bari ya duba farashin dala tukuna.